Ku Ara Mini Kunne, Minti 7 Ne Kacal

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba. Mutumin Madawa zai ce shi ba ya da lokacin jin kukan ƙarfe, ga albasa tana jiran ban-ruwa a fadamar Tarka. Na Buza zai gyara zama bisa tabarma ya ce tun ranar da Narambaɗa ya kwanta dama kunnensa ya ajiye aiki. Na Keita kuwa, da yake katangarsa ɗaya da masu abin, shi zai fi kowa cika baki: "Wanga kiɗi? Ai mun san shi. Yara ka yin shi wurin biki in an samu injin wuta." Madalla, ku dai zauna. Waƙa ɗaya tak za mu tattauna, "Afrique Victime" ta Mdou Moctar, wadda ta fito a 2021, tsawonta minti 7 da 'yan kai. Wanda ya iya zaman cinikin buhun albasa tun hantsi har azahar a kan jika guda bai isa ya ce mini minti 7 sun yi masa yawa ba.

Mu fara da mai ita, tunda na ji wani daga baya yana gunagunin wai kiɗan Nasara ne. Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman, Ba'abzine ne ɗan Azawak, yankin Abalak da Cintabaraden. Wato ɗan jihar Tawa ne kamarku. Gidansu gidan addini ne da ba a wasa da zancen kiɗa, saboda haka jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da guntun katako da wayar birkin keke. Abin da ya sa masa wannan ƙulafuci shi ne ganin wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, wanda kaset-kaset ɗinsa suka riƙa yawo a ɓoye zamanin tawayen shekarun 1990. Ga shi kuma bahago. Da hagu yake kaɗa tsirkiya, da dama yake danna ta.

Yanzu ku riƙe rawunanku. Wannan mutum da kuke jingina wa Turai, waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su, a 2008, a irin situdiyon da ake yin kiɗan fiyano na waƙoƙin finafinan Hausa. Kundin sunansa "Anar". Ganga ta na'ura ce, murya kuma an bi ta da abin nan mai lanƙwasa ta har ta koma siririya tana rawa, wanda ku da kanku kuke saurare a motar haya daga Madawa zuwa Ƙonni ba ku taɓa cewa uffan ba. Ba a buga kundin a kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta Bluetooth da ɗan katin da ake zuba waƙoƙi, har ya kai Kidal a ƙasar Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da "Tahoultine". Ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai muryar. Daga nan aka yi fim da shi a Agadas, ya fito a 2015, aka ɗauki kundin "Ilana" a Ditiroyit ta Amurka ya fito a 2019, sannan kamfanin Matador ya fitar da "Afrique Victime" ranar 21 ga Mayun 2021. Har wasu kwafe aka sayar a cikin wayar Nokia 6120, an riga an zuba waƙoƙin a ciki, don tunawa da hanyar da abin ya biyo. To, ɗan'uwa mai cewa kiɗan Nasara ne, a Sakkwaton ce ka ga Nasaran?

Ga Mushe can ya ɗaga hannu, kamar yadda yake sa yara su yi a lakwal. Shi ya yi karatu a Yamai, ya san Pink Floyd, kuma ƙorafinsa daban ne: wai ina neman in cusa ɗan Azawak cikin dangin da Turawa ke kira progressive rock, alhali ba nan masu sharhi suka ajiye shi ba. Gaskiyarka, Mushe, su sun fi kiran kiɗansa rok na hamada. Amma bari mu duba matsalar da ta haifi wancan dangi, sai ka gaya mini ko ba ita ce wannan waƙa ta warware ba.

Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar fiye da minti 3 ko 4 a fuska ɗaya, gidajen rediyo kuma suka saba da hakan, sai waƙar zamani ta tsaya a wannan ma'auni: baiti, amshi, baiti, amshi, a tashi. Babban faifai mai ɗaukar minti 20 da wani abu a kowace fuska ya fito a 1948, amma sai a ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka ce su ma za su cika fuska guda da waƙar rok ɗaya. King Crimson na cikin waɗanda suka buɗe fagen dogayen waƙoƙi a 1969. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da "Close to the Edge", minti 18 da ɗoriya, kashi 4, har da babbar ogan ta coci a tsakiya. A shekarar dai Genesis suka yi "Supper's Ready", kusan minti 23, kashi 7. Pink Floyd ɗin naka kuwa, a "Money" ta 1973, sun gina kiɗan a kan ƙirgen bugu 7 maimakon 4 da kunne ya saba, sai da aka zo wurin da jita za ta yi magana ita kaɗai suka koma 4, sannan suka dawo. Duk tambaya ɗaya suke amsawa: ta yaya za ka riƙe mai sauraro bayan minti 3 ba tare da ya yi hamma ba?

Amsar 'yan Ingila ita ce gida mai ɗakuna da yawa. A shigo da kai zaure, a wuce da kai tsakar gida, a leƙa turaka, kowane ɗaki da launinsa da ƙirgensa. Amsar Mdou ita ce doki ɗaya a kan hanya ɗaya, wanda ya fita gari da takama ya ƙare da sukuwa, kai kuma da ke bisa ba ka san inda ya canza ƙafa ba. Ni a wurina ta biyun ta fi wuya, don mai ɗakuna da yawa in ɗaya ya gundure ka yana da inda zai kai ka, shi kuwa wannan ba ya da wurin ɓuya.

Ga yadda waƙar take. Mutum 4 ne: Mdou da jitar jagora da murya, Ahmoudou Madassane da jitar rakiya, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, da jita mai kaurin murya, shi ne kuma ya haɗa kundin. Tana farawa a natse. Jita ta shimfiɗa wani ɗan gajeren zagaye, ganga ta shigo da tafiyar da ko dattijo zai iya bi da kai. Wannan zagaye shi ne gindin waƙar, kuma ba a barin sa har ƙarshe. Baba na Buza, ka ji na ce gindin waƙa, ka san zancen. A wurin Narambaɗa gindin yana bakin 'yan amshi, shi kuma yana ɗora ɗiya a kai ɗaya bayan ɗaya, ya tafi ya dawo ya tarar da su inda ya bar su. A nan gindin yana hannun Ahmoudou da Mikey. Su ne 'yan amshin da ba sa gajiya. Murya ta shigo, ta yi baiti, wasu muryoyi su karɓa, jitar jagora ta sa baki a tsakanin layuka kamar mai yin ƙari.

A wannan kashi na farko ne ake yi muku wayo. Kuna can kuna bin murya, shi kuwa Souleymane yana ƙara wa bugun gudu kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka iya nuna wuri ka ce a nan ne aka canza ba. Bayan an ci kusan rabin tafiya sai murya ta janye, a bar wa jita fili. Daga nan har ƙarshe babu sauran baiti. Sautin jitar ya yi kauri ya yi ƙura, yatsun dama suna dannawa suna saki da sauri har sauti ɗaya ya haifi uku, ganga ta koma sukuwa sosai, amma zagayen nan na farko yana nan a ƙasa bai gusa ba. Wanda ke shakka ya gwada: ka riƙa buga cinyarka daidai da ganga a minti na 1, sannan ka tsallaka minti na 6 ka ga ko hannunka zai iya riƙe abin da ya fara. Kuma ku sani, ƙara gudu a hankali mutum 4 tare, babu wanda ya riga wani, yana cikin abubuwan da suka fi ba makaɗa wuya. A yawancin situdiyo na yau ana sa wa mai ganga wata na'ura a kunne tana ƙirga masa bugu don kada ya kauce. A nan kaucewar ce ginin waƙar, kuma linzamin yana hannun mai ganga. Duniya tana ta yabon mai jita, ni kuwa da za a ba ni goro ɗaya in miƙa, Souleymane zan ba.

Yanzu na dawo kanka, mutumin Keita. Ka ce kiɗan biki ne, kuma ka faɗi gaskiya, sai dai ka faɗe ta da raini. A bukukuwan Agadas da garuruwan Azawak aka ƙera wannan tsari. Ana kafa lasifika a fili, masu rawa su fito layi-layi, kuma makaɗi ba ya da ikon tsayar da waƙa don minti 3 sun cika. Sai ya ja ta, ya ƙara mata wuta, har masu rawa su gaji su koma, wasu su fito. Abin da samarin Ingila suka zauna suka tsara da takarda da alƙalami, shi fili ne ya koya masa, da ƙura da mutanen da za su watse su bar shi in ya yi sanyi. Salon yatsunsa kuma yana da jini da takamba, kiɗan molon Abzinawa mai tsirkiya 3 da ƙwarya, wanda ya yi ƙarfi a yankin Gawo. Shi ya sa ba ya riƙe ɗan filastik ɗin da masu jita ke kaɗawa da shi. Da yatsa yake yi, kamar mai molo. Daga baya ne ya ga bidiyon Eddie Van Halen, ya ɗauki dabarar ƙwanƙwasa tsirkiya a kan wuyan jita ya ƙara a kan abin da yake da shi. Masu kiransa Jimi Hendrix na Sahara sun ga bahago da farar jita ne kawai, suka huta da tunani.

Kuma don Allah, ku mutanen Adar, kada ku yi mini fuskar ba ku san kiɗa mai ƙara gudu ba. Ba sai na ambaci sunan wurin da goge da ƙwarya ke farawa a hankali, su yi ta hawa har wani ya faɗi yana birgima ba. Kowa ya ce bai taɓa zuwa ba, amma kowa ya san a wane gida ake yi. Ku bar wannan ma. A filin kokawa, in 'yan kokawa sun kama juna, makaɗa rage hannu suke yi ko ƙarawa? Hatta ƙarar nan da kuke kira hayaniya, ku je ku dubi garaya ko molo. Me ya kai ɗan ƙarfe mai zobba kan wuyansu? An sa shi ne da gangan don sauti ya riƙa zuza, saboda kunnenmu bai taɓa son sauti tsirara ba. Kakanninku da ƙarfe suka samo zuzar, shi da lantarki ya samo tasa. Muryoyin da yake hawa a kai ma guda 5 ne, irin waɗanda mai goge ke yawo a cikinsu, shi ya sa ko ba ka jin Tamashek sai ka ji kamar ka san inda waƙar za ta sauka. Gasar kiɗan zamani ta ƙasa da ake yi a Tawa, sunan wa aka sa mata? Ɗan Gurmu, mawaƙin gargajiya na Adar. Hukuma ma ta daɗe da yarda cewa tsatson ɗaya ne, ku ne kuka tsaya jan ƙafa.

Hajiya ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, a gaya mata me yake cewa, don waƙar da ba ta da magana ai busa ce. Hajiya, tambayarki ta fi ta mazan. Waƙar kuka ce a kan abin da aka yi wa Afirka, kuma ake kan yi mata, tana gargaɗin cewa shiru ba zai fisshe mu ba. Ta ambaci Mandela, ta ambaci Gaddafi. Mai ita ya yi zama a Arlit, garin da aka fara haƙar yuraniyom a 1971, aka yi shekaru ana kwasa ana kai wa Faransa tana haska gidajenta, ƙauyukanmu kuwa suna kwana da fitilar hannu. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, kundin ya fito bayan haka da ƙasa da wata 2. Ku kuma da ke maƙwabtaka da Ƙonni ba sai an karanta muku abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa garin a 1899 ba. To ki duba yadda tsarin ya bi maganar. Baitocin kaɗan ne, ana faɗinsu cikin natsuwa, kamar mai kai ƙara gaban alƙali. Da magana ta ƙare, abin da ya rage a zuci bai ƙare ba, sai jita ta ɗauka. Da an yanke waƙar a minti na 3 don ta dace da rediyo, da an ji ƙarar ba a ji zafinta ba. Wannan shi ne dalilin tsawon, ba son burgewa ba.

Allah gafarta Malam, na ga tun ɗazu kana jan carbi kana kallona ta wutsiyar ido. Ba zan ja da kai a fagen da ka fi ni ba, hukuncin kiɗa naku ne ku malamai, kuma mutumin da muke zance a kai ya sha irin wannan kallo a cikin gidansu tun yana yaro. Abu ɗaya kawai zan roƙa: in an kunna, ka sa almajiri ya riƙe maka babban yatsan ƙafa, don shi ba ya jin fatawa.

Ba zan ce muku komai na waƙar zuma ne ba. Wanda bai saba ba, minti 2 na ƙarshe za su iya yi masa nauyi, kuma akwai dare da ni ma nakan fi son abin da ya fi sanyi. Kundin mai waƙa 9 ne, wannan ce ta 8, kuma an jera su da hankali. Ya buɗe da "Chismiten", inda kafin jita ta shigo za ka ji takun ƙafa da carar zakara. A tsakiya akwai "Tala Tannam" da "Layla", da jitar katako mara lantarki, waɗanda ko jariri za a iya lallashi da su. Baba na Buza, daga nan za ka fara, kada ka faɗa kogi ta wurin zurfi. In ma lantarkin ne gaba ɗaya ba ka so, an yi maka tanadi ba da niyya ba. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya same su suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa dawowa gida na wani lokaci. A zaman jiran suka sake ɗaukar waƙoƙin kundinsu "Funeral for Justice" da jitar katako, aka fitar da shi a 2025 da sunan "Tears of Injustice". Waƙoƙi ɗaya, riga biyu. Ka saurari duka biyun ka gaya mini ko ƙashin bayan ya canza.

Saura laifi ɗaya, kuma ba na kunnenku ba ne, na wayarku ne. Yawancin masu cewa hayaniya ce a ɗan lasifikar salula suka ji ta. Wannan ɗan rami ba ya iya fitar da sauti mai kauri. Yana haɗiye jitar Mikey ɗungurungum, ya haɗiye babbar gangar da ake takawa da ƙafa, ya bar muku tsinin jita da ƙarar faranti. Wato gindin waƙar da na ɓata bakina ina bayani, ku ba ku taɓa jin sa ba. Kamar a ce an kunna muku Ɗanƙwairo an cire 'yan amshi da kotso, sannan a tambaye ku ra'ayi. Ku je rumfar mai cajin waya ranar kasuwa, a Madawa ko Tamaske ko Karofane, duk inda kuka ga ƙatuwar lasifikar nan da ke hana mutane jin sallama. Ku ba yaron dala ashirin ya sa muku ita daga farko. Sai dai ku tsaya a kansa, don na san hannun yaran nan, minti 3 na cika zai kai yatsa ya tsallaka zuwa ta gaba.